Tsohuwar kwamfuta na cewa faifanta na da matsala: fomatin za a yi ko chkdsk?

Tambaya

Wani malami da ke riƙe da ofishin wata makarantar Islamiyya a Nima, cikin Accra, ya aiko da wannan. Kwamfutar ofishinsu ta kan tebur tsohuwa ce, ta hannu suka saya, Windows 7 ce a kanta, kuma rajistar ɗalibai da sakamakon jarrabawa da lissafin kuɗin makaranta duk a cikinta suke. Tun ranar da aka ɗauke wuta tana cikin aiki, duk sanda aka kunna ta sai baƙin allo ya fito tana ƙirga lambobi, wai za ta duba faifai. Idan ta buɗe sai ta riƙa sandarewa, foldar sakamakon jarrabawa kuma ta ƙi kwafuwa, sai dai ta rubuta "Data error (cyclic redundancy check)". Wani ya ce a yi mata fomatin, wani ya ce a buga chkdsk /r, umarnin Windows na duba faifai da gyara shi. Wanne zai bi?

Amsa

Allah ya gafarta Malam, kada ka bi ko ɗaya daga cikin biyun tukuna. Ka kashe kwamfutar, a daina kunna ta don buga takarda ko duba sunan ɗalibi, har sai an fitar da bayanan makaranta daga cikinta. Faifan ajiya, wato had-diski, ana samun sabo a kasuwar kayan lantarki ta Circle, nan Accra, yau ɗin nan. Sakamakon yaran mutane na shekara da shekaru kuwa babu kasuwar da ake sayar da shi. Fomatin zai share shi kai tsaye, chkdsk /r kuma zai iya ƙarasa faifan da dama ya kusa mutuwa. Kowannensu na da lokacinsa, amma bayan kwafi ne.

Matsalar faifai iri biyu ce, kuma a allo kama ɗaya suke yi, shi ya sa masu ba da shawara ke saɓawa. Ka ɗauki faifan a matsayin sito mai kantoci, a bakin ƙofa kuma ga littafin da aka rubuta kayan wane na kan kanta kaza. Wannan littafin shi ne tsarin NTFS da Windows ke amfani da shi. Idan wuta ta ɗauke ana tsakar rubutu, littafin ne ke rikicewa, an ajiye kaya ba a rubuta ba, ko an rubuta ba a ajiye ba. Shi chkdsk akawu ne, aikinsa ya daidaita littafi. Amma idan kantar ce da kanta ta ruɓe, iyakar abin da akawu zai iya shi ne ya rubuta cewa kada a sake ajiya a nan. Kuma damuwarsa littafi ya daidaita, ba kayanka su tsira ba. Idan ya ga layin da bai gane ba yana iya soke shi, alhali layin nan shi ne foldar da kake nema.

Baƙin allon da kake gani kullum bai isa ya nuna wace ce ta same ka ba. Windows na sa wa faifai wata alama duk sanda aka kashe shi ba bisa ƙa'ida ba ko ta ci karo da kuskure, kuma muddin alamar na nan za ta nemi dubawa a kowane kunnawa. Abin da ya fi damuna shi ne sauran biyun, sandarewa da wancan saƙo. A cikin gwangwanin faifan akwai farantai masu maganaɗisu da ke juyawa, a yawancin kwamfutocin tebur sau 7,200 a minti, wato sau 120 a daƙiƙa ɗaya. A samansu wata 'yar allura ke shawagi kan iska, tazarar 'yan nanomita kawai, ba ta taɓa su. An yanka farantan gurbi-gurbi, kowane gurbi bayit 512 a tsofaffin faifai, 4,096 a na baya-bayan nan, don haka faifai mai gigabayit 500 na da gurbi sama da miliyan 976 na bayit 512. Kowane gurbi na ɗauke da wasu lambobin tantancewa. Idan allura ta karanta gurbi lissafin bai fita ba, sai ta koma ta sake, ta sake, Windows na tsaye tana jira. Wannan jiran ne sandarewar da kake gani. Idan faifan ya haƙura ya ce ya kasa, sai wancan saƙon ya fito. Wato akwai wurin da ba ya karantuwa, kuma a ƙarƙashin fayil ɗin da kake buƙata yake.

Yanzu ka duba abin da chkdsk /r ke yi. Bayan matakai uku na duba tsari, sai ya ƙara biyu: ya karanta kowane gurbi da ke ɗauke da bayani, sannan ya karanta duk gurbin da babu komai a ciki. Sa'o'i ne na aiki ba hutu, yana tilasta wa allura ta yi ta komawa kan wuraren da suka lalace, yana kuma rubutu a kan faifan, rubutun da ba a mayar da shi baya. Lafiyayyen faifai zai ɗauka. Wanda fuskarsa ta fara ɓarewa kuwa, ƙarfin da ya rage masa a nan zai ƙare, alhali da shi ya kamata a kwashe bayanai. Ga kuma wutarmu, wadda duk wanda ya ga shekarun dumso, wato na yawan ɗauke wuta, a garin nan ya san ba a yi mata alkawari. Idan ta ɗauke chkdsk na tsakar gyara, ɓarnar ta fi ta farko.

Kafin komai ka yi amfani da kunnenka. Ka cire murfin gefe, ka kunna na ɗan lokaci kawai, ka saurara a kusa da faifan, wancan ƙarfen mai faɗin tafin hannu da wayoyi biyu suka shiga bayansa. Lafiyayye zai tashi da ƙugi siriri ya daidaita, sai ɗan ƙas-ƙas idan yana aiki. Idan ka ji ƙyas, ƙyas, ƙyas a jere da tazara iri ɗaya, ko yana tashi yana mutuwa, ko ƙarar gogar ƙarfe, ka zare wuta nan take. Wannan ya wuce manhaja, kuma duk juyi ɗaya ƙarin karcewa ne. Sai masu ceto bayanai da ke da ɗaki marar ƙura da kayan canza allura. Kada a bar kowa ya kwance murfin faifan a kan teburin shago, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta fi tazarar allurar girma nesa ba kusa ba. Masu cewa a sa shi a firiza ma kada a saurare su. Da laimar iskar Accra, kana fito da shi zai yi gumi ciki da waje.

Idan babu baƙuwar ƙara, ka duba wayoyi, domin sau da yawa ana yanke wa faifai hukunci alhali laifin waya ne. Ka kashe, ka zare filogi daga bango, ka taɓa ƙarfen akwatin don sauke wutar jikinka. Siririyar wayar nan mai ɗan ƙaramin kai ita ce SATA, wadda ta fara yaɗuwa daga 2003. Idan kuma mai faɗi ce kamar ɗamara, mai ramuka 40, to IDE ce. Ka canza ta da wata, ka soka a wani ramin na babban allon cikin akwatin, wato madabod, ka duba bakinta ko ya yi tsatsa ko kore, abin da iskar teku ke jawowa a nan. Wayar wuta ma a canza mata reshe. Mai mita ya auna: rawayar waya bolt 12 ce, kada ta sauka ƙasa da 11.4, jar kuma bolt 5, kada ta gaza 4.75. Akwatin wutan da ya tsufa na sa faifai ya riƙa tashi yana faɗuwa kamar mai ciwo. A kuma leƙa 'yan gwangwanayen kafasito da ke tsaye kan babban allo, ko kansu ya kumbura ko ya tsiyayo da wani abu ruwan ƙasa, domin injinan da aka ƙera a farkon shekarun 2000 sun sha fama da wannan.

Akwai wani abu da ke ruɗa mutane a tsofaffin injina, ko da yake ban ga alamarsa a taka ba. Idan ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, ya mutu, agogo na komawa baya, saitin BIOS, wato na babban allon, kuma ya koma na asali. Idan saitin SATA ya sauya tsakanin AHCI da IDE, Windows 7 za ta ƙi tashi ta nuna shuɗin allo mai lamba 0x0000007B, alhali faifan lafiyarsa ƙalau.

Daga nan sai a tambayi faifan da kansa, domin yana riƙe da lissafin lafiyarsa a wani tsari da ake kira SMART. Ya fi kyau a cire shi a haɗa a wata kwamfutar mai lafiya a matsayin faifai na biyu, don kada a sa shi wahalar tayar da Windows. A kula, ita ma waccan kwamfutar tana iya ganin alamar nan ta ce za ta duba shi yayin tashi. A danna kowane maɓalli kafin ƙirgen ya ƙare don a tsallake. Manhajar kyauta mai suna CrystalDiskInfo za ta nuna hukunci da launi, shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja ya lalace. Amma kada ka tsaya a launi, ka duba layukan da ke ƙasa, ginshiƙin ƙarshe na dama. Layi mai lamba 05 shi ne adadin guraben da suka mutu faifan ya musanya su da na ajiya da masana'anta suka tanada. C5 shi ne guraben da ya kasa karantawa yake jiran ya ga yadda za ta kaya, kuma ina kyautata zaton a nan taka matsalar take. C6 waɗanda ya gwada gyarawa ya kasa. C7 kuwa ba na faifan ba ne, kurakuran hanya ne tsakaninsa da babban allo, don haka idan shi kaɗai ke hawa sauran na sifili, waya ce, ka tsira da ɗan kuɗi kaɗan. Manhajar na nuna waɗannan lambobi da lissafin goma sha shida, inda za ka ga haruffa a ciki, sai a shiga saitinta a mayar da su lissafin goma da muka saba.

Dalilin da ya sa nake tsanantawa a kan lamba ko da ƙarama ce shi ne, a 2007 injiniyoyin Google sun fitar da bincike kan faifai sama da 100,000 da ke aiki a cibiyoyinsu. Sun gano cewa faifan da ya nuna kuskuren karatu na farko ya ninka wanda bai nuna ba sau 39 wajen yiwuwar mutuwa cikin kwana 60. Binciken ya kuma nuna cewa kashi 36 cikin 100 na waɗanda suka mutu ba su nuna wata alamar SMART ba ko ɗaya. Saboda haka rawaya gargaɗi ne na gaske, shuɗi kuma ba lasisin barin kwafi ba ne.

To, sai kwafin. Idan faifan na buɗewa a waccan kwamfutar, ka zauna ka rubuta a takarda abin da makaranta ba za ta iya rasawa ba, ka jera su bisa muhimmanci. Rajista da lissafi da sakamako, yawanci fayilolin Excel da Word ne, dukkansu ba za su cika filash ɗaya ba. Su za a fara ɗauka, folda-folda, hotunan walima da bidiyon saukar karatu su biyo baya. Kada a ja faifan gaba ɗaya a jefa, domin Windows na isa gurbin farko da ya lalace za ta tsaya ta yi ta fama da shi. A foldar da ta ƙi, a shiga ciki a ɗauki fayil ɗaya-ɗaya. Sau da yawa za ka tarar ɗaya ne ko biyu suka ƙi, sauran sun fita lafiya. Wanda ya ƙi a bar shi, kada a yi ta maimaitawa.

Idan C5 ya yi yawa, ko kwafin na ta tsayawa, ko kuma fayil ɗin da ya ƙi shi ne wanda ake nema, to aiki ya koma na ddrescue. Manhajar kyauta ce ta Linux, tana cikin SystemRescue da ake ɗorawa a filash a tayar da kwamfuta da ita. Ba ta bin fayiloli, gurbi-gurbi take kwafe faifan ɗungurungum zuwa wani faifan da ya kai shi girma ko ya fi. Hikimarta ita ce ta fara kwashe duk wuraren da ke karantuwa da sauri, idan ta ci karo da matsala ta tsallake ta yi gaba, sai ta gama da masu sauƙi sannan ta dawo wa masu wuya. Tana kuma rubuta inda ta tsaya a wani ɗan fayil na taswira, ta yadda ko an ɗauke wuta za ta ci gaba daga nan, in dai an ajiye taswirar a filash. Zagayen farko kamar haka yake:

ddrescue -f -n /dev/sda /dev/sdb taswira.txt

Sannan a sake bugawa da -d -r3 a madadin -n don ta gwada wuraren da suka ƙi sau uku. Amma Malam, sunan farko shi ne faifai mai ciwo, na biyu sabo, kuma a injinka sunayen na iya bambanta da waɗannan. Idan aka juya su, za a kwafe faifan da babu komai a kan bayananka, shi ke nan. A buga lsblk a tabbatar da girman kowanne da sunansa kafin a danna. Idan babu wanda ya taɓa yi a cikinku, ka kai wa mai gyara, ka tambaye shi ko zai kwafe faifan kafin ya taɓa shi. Idan amsarsa ita ce zai yi fomatin ya sa sabuwar Windows, ka ɗauki kayanka ka nemi wani.

Bayan bayanai sun fita, ka buɗe su ka ga suna karantuwa, sannan chkdsk ya shigo. Idan an yi kwafin ddrescue, a kan sabon faifan za a yi shi, tsohon a ajiye shi yadda yake. A buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, a rubuta chkdsk C: /f, ko harafin da faifan ya samu. Idan faifan da Windows ke kai ne zai ce ba zai iya yanzu ba, ko a yi a kunnawa ta gaba. A danna Y a sake kunnawa, a bar shi ya gama ko da ya yi kamar ya tsaya a lamba ɗaya. Yana gamawa alamar nan za ta goge, baƙin allon kuma ya daina fitowa. Idan wasu fayiloli sun ɓace bayan haka, a duba wata ɓoyayyiyar folda mai suna FOUND.000, inda yake tara guntayen da ya tsinta da sunaye irin FILE0000.CHK. Wani lokaci sauya ƙarshen sunan zuwa na Excel ko Word kaɗai ke dawo da fayil. Idan faifan ya ƙi buɗewa sam yana cewa a yi masa fomatin, kada a amsa masa, manhajojin TestDisk da PhotoRec na iya ciro abin da ke ciki, su ma a kan kwafin.

Akwai masu buga chkntfs /x C: don baƙin allon ya daina fitowa, mai kaya ya ga kamar an gyara. Wannan rufe bakin mai gargaɗi ne kawai, ciwon na nan yana ci. Haka manhajojin da ke alkawarin farfaɗo da guraben da suka mutu. Babu manhajar da ke mayar da fuskar faranti da ta karce.

Shi tsohon faifan fa? A nan fomatin ke da amfani. Gurbin da ke C5 ba lallai ya mutu ba, wani lokaci rubutu ne ya katse a tsakiya sanda wuta ta ɗauke, kuma da an sake rubutu a kansa zai warke, ko faifan ya musanya shi. Daga Windows Vista zuwa sama, cikakken fomatin, wanda aka cire masa alamar gaggawa, yana rubuta sifili a kowane gurbi. A yi shi, a sake duba lambobin, a kuma yi dogon gwaji da SeaTools ta kamfanin Seagate. Idan C5 ya koma sifili kuma 05 bai motsa ba, to wutar ce ta jawo, faifan zai ci gaba da aiki. Idan 05 ya hau, ko C5 ya dawo bayan 'yan kwanaki, ni dai ba zan mayar da rajistar makaranta kansa ba ko da chkdsk ya ce komai daidai. Kuma tunda sunayen yara da lambobin iyayensu na ciki, kada ya bar hannunku zuwa wurin 'yan gwangwan ba a share shi ba ko an huda shi.

Wajen sayen madadi, shawarata a sa SSD mai bakin SATA. Ba shi da faranti ko allura, kuma ko a tsohon rami mai gudun gigabit 3 za ka ga bambancin da zai sa ka ce sabuwar kwamfuta ce. Windows 7 ta san yadda ake tafiyar da shi. Idan aljihu bai kai ba sai na hannu a Tip Toe Lane da ke Circle, ka sa a haɗa shi a gabanka ka duba 05 da C5, ka kuma duba layi na 09, wanda ke ƙirga sa'o'in da ya yi a kunne. Sa'a 43,800 daidai take da shekara biyar ba kashewa, kuma da yawa daga cikin tsofaffin kwamfutocin da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sun gama aikin ofis a can kafin su iso tashar jiragen ruwa ta Tema. Ita Windows 7 ɗin, Microsoft ta daina aiko mata da kariya tun 14 ga Janairun 2020, don haka injin da ke riƙe da lissafin makaranta gara a raba shi da intanet.

Abin da ya jawo wannan tun farko ma sai an toshe shi, in ba haka ba sabon faifan zai bi sahun tsohon. Ƙaramin UPS, wato akwatin batiri, ya isa, wanda zai riƙe ta 'yan mintoci a adana aiki a kashe ta yadda ya dace. A ɗaga akwatin daga ƙasa, kada a buge shi ko a ja shi yana kunne, a kuma hure ƙurar cikinsa bayan hunturu, domin idan fanka ta toshe zafi na taruwa. Ita CrystalDiskInfo na nuna zafin faifai, kuma na fi son in gan shi ƙasa da 45 a ma'aunin Salshiyos. Sannan duk ranar Laraba ko Alhamis, kafin a tashi hutun mako, a kwafe foldar makaranta a filash biyu, ɗaya a ofis, ɗaya a gidan shugaban makaranta.

Idan ka samu an haɗa faifan, Malam, ka ɗauki hoton allon CrystalDiskInfo da waya ka turo, yadda layukan 05 da 09 da C5 da C6 da C7 za su fito sosai, ka kuma gaya mini ko ka ji wata ƙara sanda yake tashi. Da su zan iya ce maka ko kwafin hannu ya isa ko sai an nemi faifai na biyu don ddrescue. Allah ya sa a fitar da komai lafiya.